Kafin ka karɓi tsohon kare kyauta, ka san ɗawainiyar da ka ɗauko

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida domin mu ja hankalin masu karatu a kan riƙon tsohon kare, musamman wanda ya zo da lalura. A Turai da Amurka akwai gidajen tsugunar da karnukan da ba su da mai su, inda ake miƙa wa mutum kare haɗe da takardar shekarunsa da allurorinsa da cututtukan da aka gano a jikinsa. A Najeriya irin waɗannan gidaje kaɗan ne, galibinsu a Legas da Abuja. Mu a Arewa tsohon kare hannu da hannu yake yawo. Ma'aikaci ne aka yi wa canjin wurin aiki, ko baƙo zai koma ƙasarsu, ko kamfanin tsaro ya sallami karnukan da suka manyanta, ko mafarauci ya ga karensa ya daina kamu. Sai a ce wa maƙwabci ko maigadi, "Ga shi nan ka riƙe," babu takarda babu bayani. Wanda ya karɓa yana murna ya samu mai gadi a banza, bayan wata biyu kuma sai ga kare ya kasa tashi, an rasa yadda za a yi da shi.

Hukuncin ajiye kare ba fagenmu ba ne, malamai sun yi bayanin halaccinsa domin farauta da kiwo da tsaron gona. Namu shi ne, duk wanda ya karɓi dabba ya karɓi amana, kuma amanar tsoho ta fi ta yaro nauyi. Ba cewa muke kada a karɓa ba. Tsohon kare yana da nasa alfanun: halinsa ya riga ya fito fili, ba ya tauna takalmi, ba ya haƙa rami a tsakar gida, kuma in ya saba da gida ba ya haushin banza. Amma a karɓe shi ido a buɗe.

A fara da shekaru, domin mai bayarwa kan rage su. Manyan karnukan waje irin su Alseshiyan da Rotwaila da Bowabul suna shiga tsufa tun daga shekara 6 zuwa 7. Ƙananan jinsi sai sun kai 9 ko 10. Karnukanmu na gida suna tsakani. A ɗaga leɓensa a dubi haƙoran gaba: in sun cinye sun yi daidai da dasashi, fiƙoƙin sun dakushe, ga dattin da ya daskare ya yi ruwan ƙasa a turamen baya, to kare ya kwana biyu a duniya. Furfura a baki ba hujja ba ce ita kaɗai, wasu suna yin ta da wuri. Ana kuma ganin wani shuɗi-shuɗi mai hazo a tsakiyar idon kare daga wajen shekara 7, mutane su ɗauka yanar ido ce. Yawanci ba ita ba ce, taurin ƙwayar ido ne na tsufa, kuma kare yana gani da shi. Yanar ido ta gaskiya fara ce fat, kuma za a ga kare yana karo da kaya in an sauya musu wuri.

Tambaya mafi muhimmanci ga mai bayarwa ita ce ta haukan kare: yaushe aka yi masa allura ta ƙarshe, ina katin, kuma ko wani kare ko wata dabbar daji ta cije shi a 'yan watannin nan? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ne. Ƙwayar cutar tana iya kwanciya a jikin kare makonni ko watanni ba alama, kuma ba a dogara da allurar da aka yi bayan cutar ta riga ta shiga. Saboda haka karen da aka tsinta a titi da sabon rauni na cizo, ba a san tarihinsa ba, ba na kaiwa cikin iyali ba ne, a sanar da ofishin likitan dabbobi. Wanda ba shi da kati a ɗauka ba a taɓa yi masa ba. A yi masa allurar haukan kare, a lissafa kwana 28 kafin a ce ta kama, a maimaita duk shekara. A haɗa masa da allurar nan mai haɗe da riga-kafin cututtuka biyar. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurar haukan kare, kuma asibitocin dabbobi na jihohi kan yi ta kyauta ko da rahusa a lokacin Ranar Yaƙi da Haukan Kare ta Duniya, 28 ga Satumba. A lura da inda aka ciro kwalbar. Allurar da ta wuni a aljihun mai yawo da babur cikin rana ruwa ce kawai. In kuma kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, shi kuma karen a tsare shi a sa masa ido kwana 10, kada a kashe shi a jefar.

Kafin a yanke shawara, ko aƙalla cikin makon farko, a kai shi wurin likita a yi gwajin jini da fitsari da kashi. Asibitocin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri duk suna yi, haka ma asibitoci masu zaman kansu da dama. Abin da za a nema shi ne yawan jini, wanda a lafiyayyen kare yake tsakanin kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari, da duba ƙwayoyin cutar kaska a madubin likita, da aikin ƙoda da hanta, da sukari. Kada a tsallake fitsarin don an yi na jini. Gwajin jini na yau da kullum ba ya nuna matsalar ƙoda sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikinta ya tafi, amma tsinkewar fitsari, wato ya zama kamar ruwa, tana riga shi bayyana. A kuma ɗora shi a sikeli. Kowane magani da nauyin jiki ake auna shi, kuma kintace da ido ne yake kashe karnuka. In babu sikelin dabbobi, mutum ya hau na gida ɗauke da karen, ya sauka ya hau shi kaɗai, a ɗebe.

Wannan gwaji shi zai raba maka lalurar da za ka iya da wadda ba za ka iya ba. Ciwon gaɓoɓi, ruɓewar haƙori, kurumta, cutar kaska, ƙazuwa, duk ana rayuwa da su ko a warke. Ciwon sukari kuwa allurar insulin ce sau biyu kullum har ƙarshen rai, kuma insulin tana son sanyin firiji. Wanda unguwarsu ke kwana uku babu wuta ya yi wa kansa gaskiya tun kafin ya ce ya karɓa.

Kaska ita ce babbar abokiyar gabar kare a ƙasar nan. Jar kaskar kare tana hayayyafa a tsagar bango da ƙarƙashin keji, shi ya sa ake wanke kare yau, jibi a gan shi cike da ita. Cututtuka biyu take ɗorawa da suka fi damun mu. Ɗaya tana fasa jajayen ƙwayoyin jini: zazzaɓi, dasashi ya yi fari ko rawaya, fitsari ya yi duhu. Ɗayar kuma tana iya ɓoyewa shekaru, sai a ga kare yana rama, yana haɓo, ko ɗigon jini ya fito a fatar cikinsa. Ta biyun maganinta doksisaikilin ne, miligiram 10 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, kwana 28 cur, a ba shi da abinci amma ba da madara ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daina a kwana na biyar don kare ya fara cin abinci, sai cutar ta koma ta kwanta. Ta farkon kuma ana yi mata allurar da makiyaya suka sani da Berenil, wadda ake yi wa shanu don sammore. Nan ne hatsarin yake. A jikin kare tazarar da ke tsakanin magani da guba a wannan allura ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Miligiram 3.5 ne ga kowane kilo, sau ɗaya. In aka zarce, ko aka maimaita washegari don "bai ji sauƙi ba," tana taɓa ƙwaƙwalwa, kare ya riƙa tangaɗi yana sanƙarewa, kuma da wuya ya tashi. Wannan ba allurar da za a ba yaron shago ya yi ba ce.

Wajen kashe kaskar kanta, kada a kusanci kare da fiya-fiya ko maganin feshin gona, kada kuma a shafa masa baƙin mai don ƙazuwa. Fata tana tsotsa, kare yana lasa, tsohuwar hanta ba ta iya tacewa. Ruwan wankan amitraz yana aiki, amma a bi ma'aunin da aka rubuta domin kare, ba na shanu ba, kuma ba a yi wa mai ciwon sukari ko wanda ya galabaita. Ga mai hali, ƙwayoyin taunawa sun fi sauƙi: NexGard duk wata, Bravecto duk mako 12. Kowanne aka zaɓa, sai an yi feshin ɗakin karen an toshe tsagogin bango, in ba haka ba aikin baban giwa ne. Maganin tsutsar ciki kuma duk wata uku.

Sai ciwon gaɓoɓi, wanda kusan kowane babban kare da ya tsufa yana da shi. Kare ba ya kuka don ciwon da ya daɗe. Alamarsa ita ce ya daɗe kafin ya miƙe da safe, ya riƙa haɗa ƙafafun baya yana tsalle in zai yi gudu, cinyoyinsa su shanye, ko ya yi gurnani in an taɓa ƙugunsa. Mai gida ya ga haka, tausayi ya kama shi, ya aika kemis a sayo diklofenak ko ibuprofen. Waɗannan suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa, wani lokaci da ƙwaya ɗaya ko biyu. Farasitamol ma ba a bayarwa sai likita ya auna. Wanda aka saba ba kare shi ne meloksikam: miligiram 0.2 ga kilo a rana ta farko, daga nan 0.1 kullum, tare da abinci, kuma bayan an tabbatar ƙoda lafiya take. A duba lissafin da kyau. Kare mai kilo 25 miligiram 2.5 yake buƙata a rana, ƙwayar mutane kuwa 7.5 ce ko 15. Wanda ya jefa masa ta 15 guda ya ba shi ninki shida. Ba a haɗa shi da deksametason ko firednisolon ko da rana ɗaya ce, domin haɗin nan ne ke jawo zubar jini a hanji. Da an ga amai, ko ƙin abinci, ko kashi baƙi ƙirin mai yauƙi, a tsayar da maganin a kira likita.

Rabin jinyar gaɓoɓi ma ba magani ba ne. A rage masa ƙiba: in ka shafa gefensa ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba. A raba shi da kwanciya a kan siminti, wanda ke sa kanta da kumburin ruwa a gwiwar hannu. Guntun soson katifa mai kaurin santimita 10 da aka sa a cikin buhu ko leda mai kauri, aka rufa da tsohon bargo, ya wadatar, kuma a hunturu a matsar da shi inda iska ba ta bugawa. Tayil mai santsi yana sa tsohon kare tsagewa, a shimfiɗa tabarma ko kafet a hanyarsa. A yanke masa farce. A riƙa zagayawa da shi minti 10 zuwa 15 safe da yamma, domin karen da ke ɗaure a sarƙa dare da rana gaɓoɓinsa ƙara riƙewa suke.

Akwai awo biyu da mai gida zai iya yi ba tare da na'ura ba, kuma sun fi yawancin abin da ake saya amfani. Na farko ruwan sha. Lafiyayyen kare yana shan kimanin mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo a rana, wato mai kilo 25 wajen lita ɗaya da rabi, ledar fiyawata uku ke nan. A auna abin da aka zuba da safe, a auna saura washegari, kwana uku a jere. In ya haura lita biyu da rabi, leda biyar, alhali ba tsananin bazara ake ciki ba, to a zargi ƙoda ko sukari. Kada a rage masa ruwa don yana yawan fitsari, hakan yana iya ƙarasa ƙodar. Na biyu numfashi. In yana barci a ƙirga ɗagawar ƙirjinsa na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti daidai ne. In kullum yana haura haka, ga tari da dare, ga saurin gajiya, zuciya ce ake tuhuma.

Wanda ya karɓi karya yana da ƙarin abin lura. Karya ba ta daina zuwa lokacin barbara don ta tsufa, kuma wadda ba a cire wa mahaifa ba tana iya tara mugunya a mahaifa mako 4 zuwa 8 bayan lokacin ya wuce. Za ta riƙa shan ruwa da yawa, ta ƙi abinci, ciki ya kumbura, wani lokaci ruwa mai wari ya riƙa fita, wani lokaci kuma bakin mahaifar a rufe yake ba a ganin komai, wannan ne ma ya fi hatsari. Tiyata ce maganinsa, ta gaggawa, allurar kashe ƙwayoyin cuta ita kaɗai jinkiri ce. A riƙa shafa nonuwanta duk wata, domin kusan rabin ƙarin da ke fitowa a nan mugu ne, kuma cire shi yana ƙarami ya fi sauƙi da araha. Karnukan da suka yi yawon titi kuma, mace ko namiji, sukan zo da wani tsiro mai jini a al'aura da ake ɗauka wajen barbara. Ganinsa yana tayar da hankali, amma yana cikin masu jin magani, allurar binkiristin ta jijiya duk mako, sau 4 zuwa 6.

Batun abinci, yawancin karnukanmu suɗi da ƙanzo suke ci. Ƙaramin kare yana jurewa, tsoho mai raunin ƙoda ba ya jure gishiri da dunƙulen da ke cikin miya. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jinin kare, kuma wanda kaska ta riga ta rage wa jini ba shi da rarar da zai bayar. Inabi da zabibi da cakulan da goro duk guba ne a gare shi. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji. Huhu da hanta masu ƙullin ruwa da mahauta ke yankewa su jefar a kwata, kada a kwaso wa kare ɗanye: tsutsar da ke ciki tana girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashi ya kama mutanen gida. A dafa masa nasa daban, wajen rabi shinkafa ko tuwo ko dankali, kashi ɗaya cikin uku nama ko kifi ko ƙwai, saura kabewa ko karas, da rabin ƙaramin cokali na dakakken ɓawon ƙwai ga kowane rabin kilo na abinci. Ba a rage wa tsohon kare nama don tsufa kawai, sai in gwaji ya nuna ƙoda ta taɓu. A raba abincin biyu ko uku a rana, domin manyan karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu yana iya murɗewa in sun cika shi lokaci ɗaya. In an ga ciki ya kumbura, yana yunƙurin amai babu abin da ke fita, sa'o'i kaɗan ne suka rage. Sauya abinci kuma a hankali, cikin kwana 7, ana ƙara sabon ana rage tsohon.

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana kashe tsofaffin karnukan waje, musamman masu gashi da ke kulle a keji mai rufin kwano. Zafin jikin kare digiri 38 ne zuwa 39.2, in ya kai 41 rai ake nema. A jiƙa shi da ruwan randa, ba na ƙanƙara ba, a yi masa fifita, a tafi asibiti. Da damina kuma akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa a inuwa, tsutsarsa ta huda fata ta zauna kamar maruru mai ƙaramin baki. Tsohon karen da fitsari ke kufce wa a makwancinsa shi ya fi kamuwa. A toshe bakin da man basilin, tsutsar za ta leƙo, a matse ta a hankali ta fito ɗungurungum. A riƙa shanya shimfiɗarsa a rana a kan igiya.

Makonni biyun farko a ware shi daga sauran dabbobi da yara, a bar shi ya san mai ba shi abinci. Karen da aka horar da gadi a kamfani ba ya zama abokin wasan yara don ya tsufa. A gaya wa yara kada su taɓa shi yana barci ko yana ci, domin kurman kare in an firgita shi cizo yake fara yi kafin ya gane waye. A buga ƙafa a ƙasa ya ji motsi tukuna. In za a duba masa wurin da ke ciwo a sa masa takunkumi, ko da bai taɓa cizon kowa ba.

Daga ƙarshe akwai ranar da magani zai daina aiki: ba ya ci, ba ya iya tashi, yana kwance cikin fitsarinsa. Abin da ake yi a wurare da yawa shi ne a sa masa guba a nama, ko a ɗauke shi a mota a yar a bayan gari. Na farko mutuwa ce ta azaba, na biyu kuma ƙara yawan karnukan titi ne da ba su da allura. Likitan dabbobi yana da allurar jijiya da ke sa shi barci ya wuce cikin 'yan mintuna. Gawar a binne ta a rami mai zurfin aƙalla mita ɗaya, nesa da rijiya, domin maganin yana nan a naman kuma yana kashe ungulu da duk karen da ya tono ya ci.

Muna kira ga kamfanonin tsaro da duk mai shirin rabuwa da karensa da ya miƙa shi tare da katin allura da sunayen magungunan da yake sha. Muna kuma roƙon ma'aikatun kula da dabbobi na jihohi su riƙa sanar da ranakun allurar haukan kare a gidajen rediyo da Hausa, tare da wuraren da za a kai.

Mun gode da ba mu wannan fili.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiyar dabbobi,
Zariya, Jihar Kaduna.